Buhun da Ya Yi Shiru

Shafi na 23

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Masu aiko mini saƙo kuna cewa na bar ku a bakin sito rana tana dukanku, na ji, kuma kuna da gaskiya. Wayata ce ta kwana biyu a wurin mai caji. Ke kuma baiwar Allah da kika rantse aljanu ne a cikin siton nan, har kika ce in ba su ba ne kin daina karanta ni, ki gyara zama, tausayinki nake ji.

Wanda ya shigo yau ya same mu a tsakiya, ga inda muke. Kubura da mutanen ƙauyensu na bayan Moriki sun gudo Kaura Namoda tun da 'yan bindiga suka ƙone musu rumbuna, suna zaune a ajujuwan wata tsohuwar firamare. 'Yan kasuwar yankin da ke zaune a kudu suka haɗa musu buhu ɗari shida na gero da dawa. Wata goma sha ɗaya ke nan hatsin yana kulle a wani tsohon siton gyaɗa, kwaɗo uku a ƙofa, ana jiran babban baƙo ya zo a yi bikin rabo. Sau huɗu ana sa rana ana ɗagawa. Maigadin siton kuwa Sabo ne, ƙanen Kubura uwa ɗaya uba ɗaya, wanda aka sa ya dafa Alƙur'ani cewa ba zai buɗe ƙofa ba, ba zai faɗi abin da ya ji ba. A can makaranta jikar Kubura, Kulsumu, wadda take kira Inna ƙarama, tamowa ta kama ta.

To mu je.

*

Rana ta take tsaka, irin zafin bazarar nan da ko akuya ba ta yarda ta bar gindin bango. Kubura ta iso bakin siton, Naja'atu malamar asibiti tana biye da ita, rungume da takarda a cikin leda.

Sai Kubura ta tsaya cak.

"Gwaggo, lafiya?"

"Yi shiru."

"Ai ban ce komai ba."

"Shi na hwa. Shirun ga. Ba ki ji shi ba?"

Naja'atu ta kasa kunne.

Wata biyar ke nan duk wanda ya bi ta gefen siton nan da tsakar rana yana jin wani sauti daga ciki, can ƙasa-ƙasa, kamar taron mutane suna tauna a ɗaki ɗaya ba mai yi wa wani magana. 'Yan acaba sun daina bin hanyar. Masu tallan fura sun gwammace su zagaya ta nesa. Wasu suka ce aljanun zamanin gyaɗa ne, wasu suka ce mutanen da aka kashe a ƙauyuka ne suka biyo rabonsu. Yau kuwa, ta gefen gabas inda suke tsaye, babu komai, tsit.

Sabo yana zaune a bencinsa da carbi a hannu. Mutumin da a ƙauye yake ɗaukar dami biyu a kai, yau rigarsa ce ke rataye a ƙashin kafaɗa. Bai tashi ya tare su ba kamar yadda ya saba.

"Sun tahi, Yaya," ya ce, idonsa na kan ƙofa. "Ta wanga gehe dai sun tahi."

"Su wa?"

"Ke ma kin sani."

"Ban sani ba, Sabo. Hwaɗa mani."

"Ba ni iyawa, na dahwa." Ya rage murya. "Amma akwai guda cikinsu, Yaya. In rana ta take sai in ji shi kusa ga bango. Taunarshi awa ta Baba."

Kubura ta ji abin har cikin ranta. Ubansu yana cikin waɗanda ba su samu fitowa daga ƙauye ba. Wata biyar ƙanenta yana zaune a nan shi kaɗai yana sauraron ubansu yana cin abinci a bayan bango, bai gaya wa kowa ba.

"Yau zan taɓa bangon ga," ta ce.

"An hana."

"To tashi ka hana ni."

Bai tashi ba. Ina jin ko ya so ma ƙafafunsa ba za su ɗauke shi ba.

Ta cire ɗankwali daga kunnenta na dama, ta manna shi a bangon gabas. Shiru. Ta matsa taku biyar, ta sake mannawa. Shiru. Ta ci gaba da bin bangon a hankali, Naja'atu na binta tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta, har suka sha kwana zuwa yamma.

Nan sautin yake. Naja'atu ta ja da baya.

Kubura ta rufe ido, ta daɗe a haka. Da ta ɗago, sai ta yi wata dariya da ba daɗi, hawaye na bin fuskarta.

"Gwaggo, don Allah mu bar wurin nan."

"Ƙwari na."

"Na'am?"

"Ƙwarin hatsi na, ɗiyata. Ba aljani, ba matacce. Tun hwarko niy yi zato, anka yi mani dariya, hal ni ma niy yi shakka. Don ban taɓa jin su daga bayan bango ba. Buhu guda sai kin kara kunne. Wanga kau buhu ɗari shida na sunka haɗa baki."

"Kina nufin ana jin ƙwaro yana ci?"

"Da kunnen ga anka san ni ƙauyenmu. In mutum shina shakkar rumbunshi, ni aka kira in saurara. Auta ma na koya mata tun tana ƙarama. Nic ce mata, in kin je sayen hatsi kak ki yarda da ido, ido ana ruɗinshi. Kara kunne ga buhu. Wanda kij ji shina motsi, bar shi. Wanda yay yi shiru, shi za ki ɗauka."

Auta ita ce Rukayya, 'yarta, uwar Inna ƙarama. Yau da sassafe ta shigo aji da gero tiya uku a ƙunshe cikin zane, ta ce ladan surfe ne da ta yi a wani gida cikin gari. Kubura ta ji warin fiya-fiya a zanenta, maganin kashe sauron nan da ake sayarwa a kwalba, ta tambaya, Rukayya ta ce gidan ne suka yi feshi. Kubura ba ta ja zancen ba, don murna ta hana ta. Kwana huɗu rabon yaran ajin da wani abu in ba tafasa da dusa ba. Har tsokanarta ta yi, ta ce ko yanzu a sayi silifa, tunda cindon ƙafarta ta hagu ya tsinke na ƙarshe, yatsa shida ba takalmin da ke jure masa. Rukayya ta yi dariya, ta jiƙa geron, ta ce in an yi azahar za ta dama wa yara kunu.

Ƙarar mota ce ta katse su.

Alhaji Muhtari, shugaban kwamitin rabon, ya fito yana gyara babbar riga, 'yan dako biyu a bayansa. A hannunsa akwai makullai uku. Ɗaya nasa ne, ɗaya na ɗan kwamiti da ke Shinkafi, ɗaya na wanda ke Zurmi. An yi haka ne wai don kada mutum ɗaya ya buɗe ya yi sata, sai abin ya zama ba a taɓa samun ranar da su ukun suka haɗu ba. Gobe babban baƙo zai zo, karo na biyar da aka ce haka, shi ya sa ya tattaro makullan, ya zaɓi tsakar rana lokacin da ba kowa a hanya.

Da ya ga matan, fuskarsa ta canza.

"Malama Naja'atu, ke da ni ka gani da hankali, mi kika yi nan cikin ranar ga?"

"Takarda muka kawo, ranka ya daɗe."

"A kai ofis."

"Sau uku muna kaiwa."

"To gobe. Gobe za a yi rabo gaban kowa, a ɗauki hoto, kowa shi samu."

"Alhaji," in ji Kubura, "goben ga ta wata goma sha ɗaya ta, ko wata sabuwa ta?"

Ya dube ta sama da ƙasa. "Ke ta yayar maigadi?"

"Ni ta."

"To ki tambaye shi. Ƙwaya guda ba ta hita siton ga ba. Ni Muhtari ban ci ba, ban ba ɗana ba, ban sayar ba. Je ki wasu wurare ki ji abin da aka yi da kayan taimako. Ni amana nir riƙe."

Kuma gaskiya ya faɗa, jama'a, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Mutumin nan bai ci ko tsaba ɗaya ba.

"Da ka ci ma, Alhaji," Kubura ta ce, "da mun ce ya shiga cikin ɗan Adam."

Naja'atu ta zare takardar daga leda. Shafi huɗu, uku daga ciki duk dangwalen yatsu ne da shuɗin tawada.

"Mata ɗari biyu da sha huɗu suka dangwala. Ba da kai muke faɗa ba, doka muke so majalisa ta yi, ta hau kan kowa. Duk hatsin da aka kawo da sunan masu jin yunwa, kada ya wuce kwana arba'in a kulle, baƙo ya zo ko bai zo ba. In yana son hoto, ya zo ya ɗauka da mutane suna ci. Makulli ɗaya kuma ya zauna a hannun mace daga cikin masu cin abincin, duk ranar kasuwa ta buɗe ta duba."

"Mace? Makullin sito?"

"Wadda ta san hatsi. Ranka ya daɗe, ni nake auna dantsen yaran nan da igiyar awo. Watan jiya goma sha ɗaya suka nuna ja, alamar tamowa mai tsanani. Wannan watan ashirin da shida. Uku ban sake auna su ba, an kai su makwanci. Daga makarantar zuwa nan, ko tsohuwa ba ta yin minti ashirin."

Alhaji Muhtari ya kau da kai. "Ni ba ni ka yin doka ba."

"Sa hannunka muke so. In shugaban kwamiti ya sa hannu, za su saurara."

"Ku kauce in buɗe."

Kwaɗo na farko ya buɗe da sauƙi. Na biyu sai da aka ɗiga masa man inji. Na uku ya yi wata ƙara kamar an taka ƙashi. 'Yan dakon nan biyu suka kama ƙofar suka ja, suna ja suna kallon hanyar gudu.

Zafi ne ya fara fitowa, mai ɗumi da ɗanshi kamar numfashi. Sai wari. Sai sautin.

Ba bango tsakani yanzu. Ya cika kunne, ya cika kai, tauna ce ba iyaka, ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Ɗan dako ɗaya ya ce "A'uzu billahi," ya saki ƙofa, bai tsaya ba sai a bakin titi. Ɗayan ya bi shi.

Hasken rana ya faɗa ciki. Bangon yamma baƙi ne wuluk, kuma baƙin yana tafiya. Buhunan da aka jera har kusa da rufi sun zauna, sun lotsa, wasu sun fashe ta ciki. Ƙasa kuwa fari fat, gari ne ya kwanta ko'ina har ya kai idon sawu, garin da ƙwari suka ci suka bari.

Alhaji Muhtari ya tsaya a bakin ƙofa da makullai a hannu, bakinsa a buɗe.

"Inna lillahi," ya ce a hankali. "Amma ai a kulle shike."

Kubura ta tuɓe takalmanta ta shiga.

"Yaya!" Sabo ya taso yana dafa bango. "Yaya, kak ki shiga cikinsu!"

"Zo ka ga Baba," ta ce, ba ta juyo ba.

Ta cusa hannu cikin wani fasasshen buhu, ta ɗebo, ta dawo ta buɗe masa tafinta a cikin haske. Gero ne, rabinsa ɓawo, kowace ƙwaya da ɗan rami, ƙananan ƙwari baƙaƙe suna fita suna hawa yatsunta.

Sabo ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Sai ya durƙusa a wurin, ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa suna rawa.

"Wata biyar," yake cewa. "Wata biyar ina yi musu addu'a."

Kubura ba ta tsaya lallashi ba. Ta bi layin yamma tana kara kunne a buhu bayan buhu, tana bubbugawa da tafi, tana soka yatsa.

"Wanga ya mutu. Wanga ma. Wanga da sauran rai. Malama, zo ki ji! Inda kij ji suna ci, akwai abin ci. Na ƙasa sun tahi, amma na tsakiya, in anka hitar da su yau anka baza ga ranar ga, anka sheƙe, anka tankaɗe, wallahi ana samun kashi guda cikin uku. Buhu ɗari biyu! Alhaji, aika a kira mata, kowa ta zo da tabarma da hwaihwai. Yau, ba gobe ba. Kowane dare suna cin abincin gida goma."

Alhaji Muhtari ya farfaɗo. Ya tattare riga ya shigo yana ɗaga ƙafa, ya nuna kusurwar gabas, ƙarƙashin wata 'yar taga da ke can sama kusa da rufi.

"Bar waɗanga. Dubi can. Can lahiya lau na, ba motsi ba ƙara. Su za mu jera gaba gobe, a hwara rabo da su. Sauran a san yadda anka yi bayan baƙo ya tahi."

Kubura ta nufi wurin. Tana matsawa sautin yana raguwa a bayanta, har ta shiga inda babu shi gaba ɗaya. A nan ƙwarin ba sa tafiya. Suna zube a ƙasa, tuli-tuli a gindin buhuna, ƙafafu a sama.

Ta ja numfashi ta hanci. Ta sake ja.

Ta san warin nan. Yau da safe ta ji shi.

"Alhaji. Mi kunka zuba nan?"

"Ba komi."

"Shiru iri biyu na ga hatsi. Ko ba su shiga ba, ko sun gama. Wanga na ukku na, ban taɓa jin shi ba. Mi kunka zuba?"

Ya dubi Naja'atu, ya dubi ƙofa.

"Shekaranjiya na. Makullai ba su iso ba, ga baƙo tahe. Ƙaƙa zan kawo babban mutum shi ji wagga ƙara? Sai nis sa anka hau tsani, anka yi heshi ta tagar can."

"Feshin me?" in ji Naja'atu.

"Hiya-hiya."

"Nawa?"

"Jarka biyu."

"Jarka biyu! A kan abinci?" Muryar Naja'atu ta fashe. "Alhaji, kwalba ɗaya ta wannan abin na ga ta kwantar da gida guda a asibitinmu. Shi za ka raba wa yara gobe?"

"Ai kahin gobe ya bushe."

"Ba ya bushewa daga cikin ƙwaya! Ya jiƙa buhu, ya shiga ciki!"

Sabo ya ɗago daga inda yake durƙushe. Hular ta faɗi daga hannunsa.

"Alhaji," ya ce, "ba ka ce mani malam na yaz zo ba?"

"Kai, yi mani shiru."

"Ka aike ni Shinkahi amso makulli. Da nid dawo nij ji gabas ta yi tsit, kac ce malam kak kawo yay yi addu'a, yak kore su. Nic ce ina jin wari, kac ce hayaƙin malam na."

"In nic ce maka magani na, ai da gari ya ji."

"Alhaji, ka ce mani malam na." Sabo ya dafe kai. "Ka ce sun tahi. Shi yas sa niy yarda."

"Ka yarda da mi?" in ji Kubura.

Sabo ya juya kai. Idonsa na ƙasa, can bayan buhunan gabas. Kubura ta bi inda yake kallo.

A kan farin garin nan da ya kwanta sumul, inda wata goma sha ɗaya ba a buɗe ƙofa ba, akwai sawun mutum.

Ba na Kubura ba ne, ita ta ƙofa ta shigo. Wannan daga bayan sito ya fito, daga wani lungu inda kwanon da aka toshe tsohuwar kafa da shi ya ɗan ɗaga, siririn haske yana shigowa. Sawun ƙafa ne ba takalmi, ƙarami, na mace. Sabon sawu ne fil, ko ƙwaro ɗaya bai bi ta kansa ba.

Naja'atu ta kama hannun Kubura.

Sawun bai tafi kai tsaye ba. Ya fara zuwa yamma, wurin masu ƙara. Ya tsaya gaban buhu ɗaya, yatsun sun nutse kamar mai su ta yi ɗage ta jingina kai. Ya matsa gaban na biyu, ya tsaya. Na uku, ya tsaya. Sai ya juya, ya ratsa tsakiyar sito, ya zo gabas. A nan ya tsaya gaban wani buhu da danshi bai gama barin jikinsa ba. An farke bakinsa da tsinke, an ɗiba, an mayar an ɗaure da kyau.

"Ban buɗe ƙohwa ba, Yaya," Sabo yake faɗa cikin kuka. "Ban hwaɗi komi ba. Rantsuwata tana nan. Kwano ɗai niɗ ɗaga da asuba, nij juya baya. Na ga ɗiyarta jiya, ko kuka ba ta iyawa. Nic ce tunda sun bar gabas..."

Kubura ba ta jin sa. Ta durƙusa a gaban sawun, ta sa yatsa tana ƙirgawa.

Ƙafar dama, biyar.

Ƙafar hagu. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar.

Shida.

"Ta saurara," Kubura ta ce, muryarta kamar ba tata ba. "Dubi, Malama. Ta bi su guda-guda ta kara kunne. Masu motsi ta bar su."

"Gwaggo..."

"Wanda yay yi shiru taɗ ɗauka. Ni nik koya mata."

Daga can cikin gari lasifika ta yi ƙara, ladan ya gyara murya.

Allahu Akbar.

Azahar.

Kubura ta miƙe. Ta bangaje Alhaji Muhtari har makullan suka watse cikin gari, ta fita ba takalmi, mayafinta ya maƙale a ƙofa ta bar shi nan. Mace mai shekara hamsin da biyar, kwana huɗu ba abincin kirki, tana gudu a kan ƙasa mai ƙuna tana kiran "Auta! Auta!" kamar za a ji ta daga nan.

Naja'atu ta zaro waya. Rukayya ba ta da waya. A duk ajin mace ɗaya ce ke da ita, wata dattijuwa mai kwana a bakin ƙofa. Ta kira, ta yi ta ƙara har ta katse. Ta sake kira.

A na uku aka ɗauka. Hayaniyar yara ce ta fara shigowa, irin wadda Naja'atu ta daɗe ba ta ji a makarantar nan ba, hayaniyar murna da ƙarar kwanoni.

"Inna, Malama Naja'atu ce! Ina Rukayya? Ki ce mata kada ta dama kunun nan! Ki ce ta zubar!"

"Wa? Malama? Ɗaga murya, ɗiyan ga sun cika mani kunne."

"Kunun! Kada kowa ya sha!"

"Au, kunu?" Dattijuwar ta yi dariya. "Ai ba ta jira azahar ba, kuka sunka dame ta da shi. Allah shi yi mata albarka, kowa ya samu. Ke, Malama, albishirinki. Kulsumun da kika cewa ba ta amsar komi? Ga ta nan bisa cinyar uwarta, ludayi na ukku ke nan ta..."

Layin ya yanke.